Darasin Ƙarfe Biyar na Malam Birki

Likitar ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi tayar wa Malam Birki da hankali ke nan. Da faɗa ta yi, da ya san yadda zai yi da ita, don shekara ashirin da biyu yana koyar da tuƙin mota, faɗa kuwa ya yi shi an yi masa har ya ƙoshi. Ita sai kawai ta juyo da takardar gwajin jinin, ta ɗora bakin biro a kan wata lamba, ta ce sukarin da ke jinin ɗansa Auta ya wuce inda ake wasa da shi.

"Shekararsa goma sha biyar fa, Likita," in ji Malam Birki, sai ka ce ciwon yana duba takardar haihuwa kafin ya shiga.

"Na gani a katinsa. Ƙwayoyin da yake sha ba za su iya aikin su kaɗai ba. Wata uku zan ba ku. In lambar nan ba ta sauko ba, allura zai koma, safe da yamma." Ta juya wajen yaron, wanda ya cika kujera yana kallon takalminsa. "Auta, da me kake zuwa makaranta?"

"Baba ke kai ni."

"Kanti fa? Gidan abokai?"

"Baba."

"Yaushe rabon da ka yi tafiyar minti goma a ƙasa?"

Malam Birki ne ya gyara zama ya amsa, har da ɗan alfaharinsa, ya ce ɗansa bai taɓa tsallaka titi shi kaɗai ba. Likitar ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce akwai filin shaƙatawa bai fi tafiyar rabin awa daga unguwarsu ba, matasa na cika shi da yamma. Yaron ya riƙa zuwa kullum, a ƙasa ko a keke. Shi ke nan maganin da ta rubuta.

Kada a yi saurin ganin laifin Malam Birki. Wanda duk ke tafiya a gefen titi hankalinsa kwance, bai san su wa ke riƙe da sitiyari ba ne. Shi ya sani, shi ya koya musu. Ya san wata baiwar Allah da ke rufe ido in babbar mota ta taho, kuma yau tana da lasisi. Ya san wani da har ya gama darasi bai bambance dama da hagu ba sai an taɓa masa kafaɗa. Motar koyarwarsa tana da birki biyu, ɗaya a wajen ɗalibi, ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa shi, kuma daga yawan ihun "Birki! Birki!" ne sunan ya bi shi, har makwabta suka manta na yanka. Mutumin da ya san wannan duka, ka ce ya saki ɗansa ɗaya tilo namiji a kan kwalta? Ga shi kuma ya san ciwon. Ya ga yadda ya cinye idanun yayansa a hankali, har sai da aka koma yi masa jagora zuwa banɗaki.

Sai ya ɗauki hanyar da ya iya. Kullum da yamma ya saka Auta a mota, ya kai shi ƙofar filin, ya ce ya shiga ya motsa jiki. Auta ya shiga, ya sami benci a inuwa, ya ciro waya. Mako biyu suka tafi a haka. Da Malam ya buga wa likitar waya yana ƙorafi, sai ta ce, "Malam, ai zuwan shi ne maganin. Kai kuma ka shanye masa shi a mota."

Ranar ya sayo keke. Bai tsaya nan ba, sai da ya ɗaura masa madubi biyu, da ƙararrawa, da fitila gaba da baya, ya jera robobin da yake koya wa ɗalibai fakin da su a tsakar gida. Abin mamaki, yaron ya iya cikin kwana huɗu. Ya faɗi, ya tashi, ya goge gwiwa, rana ta huɗu sai ga shi yana zagaya robobin yana dariya, gumi na zuba, rigarsa ta manne a baya. Maman Auta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya kallo har abin da ke kan wuta ya kama. Ta ce rabonta da ta ji dariyar yaron nan irin wannan tun yana firamare.

Ranar da za a fita titi, Malam ya yi abin da a ganinsa kowane uba mai hankali zai yi. Ya bar Auta ya fita ƙofa, sannan ya tayar da motar koyarwa ya bi shi a baya, da katon allon 'yan koyo a saman rufin, fitilun gefe duka biyu suna ƙyaftawa. Ya sauke gilashi ya fito da kai.

"Madubi, Auta! Duba madubi! Miƙa hannu! Matsa gefe! Birki, na ce birki!"

Keke na tafiyar keke, mota na bin sa a giya ɗaya, motoci kusan ashirin suka yi layi a bayansu suna danna oda. A haka suka isa ƙofar filin, inda 'yan ajin su Auta ke zaune a kan katanga. Wayoyi kawai aka ɗaga.

Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye makarantar, an ma sa masa kiɗa. Auta ya dawo daga makaranta, ya tura keken ƙarƙashin matakala, ya shiga ɗaki ya murɗa mukulli.

Kwana goma sha shida ƙofar nan ba ta buɗuwa sai don makaranta da banɗaki. Malam Birki ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kalandar kicin, inda ya zagaye ranar komawa asibiti da jan biro. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi alkawarin sabuwar waya, ya yi barazanar ƙwace tsohuwar. Wata rana da la'asar ya dawo daga aiki, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, babban mutum da furfurarsa, ya jingina kai da katako.

"Auta. Don Allah. Ko zagayen gida ne ka fito ka yi. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji."

Daga ciki ƙarar wasan waya kawai ke tashi.

Maman Auta ta zo ta tsaya a kansa da kwandon wanki a kugu. Mace ce da ba ta yawan magana, amma in ta yi, ba ta nannaɗe ta a takarda.

"Baban Auta, tashi daga nan, kana tare min hanya. Yaron nan yana son keken. Kai ne ba ya so a bayansa."

"To in mota ta kaɗe shi fa?"

"In bai fita ba fa? Wannan ba 'in' a ciki, likita ta faɗa maka ranar."

Ita ta shiga tsakani. Ta shiga ɗakin ta daɗe, ta fito da sharaɗi guda: Auta zai riƙa zuwa filin kullum ƙarfe biyar, amma sai Baba ya yi alkawari ba zai bi shi ba, ba a mota ba, ba a ƙasa ba. Malam ya buɗe baki zai kawo maganar shataletalen da ke gaban ƙofar filin, matar ta dube shi, ya rufe. Auta ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, fuska a kumbure.

"Ka faɗa da bakinka, Baba."

"Na yi alkawari. Ba zan bi ka ba."

Kwana tara ya riƙe alkawarin, kuma kwana taran nan yaron ya zama wani daban. Yana dawowa jiƙe da gumi, yana ba mamarsa labarin wasu yara biyu da suke tsere da su a zagayen tafkin filin, da yadda ya kusa cin ɗaya daga cikinsu. Ya daina barcin rana. Ya ce a ƙara wa bel ɗinsa rami. Maman Auta ta huda ramin da ƙusa, ta kawo wa mijinta bel ɗin ya gani.

Shi kuwa Malam, kwana taran nan bai san ɗanɗanon abinci ba. Da ƙarfe biyar ta buga, yana cikin mota da ɗalibi a can wani gefen gari, amma zuciyarsa na kan shataletalen. Ko jiniyar motar asibiti ya ji daga nesa sai ya ɗauka Auta aka ɗauko. Yana ganin motoci suna wucewa, yana gane waɗanda ya koya wa tuƙi, yana tuna abin da kowannensu bai iya ba.

Ɗalibinsa na ƙarfe biyar wani tela ne mai shekara hamsin da ɗoriya, mutumin kirki, mai yawan ba da haƙuri. Matsalarsa ɗaya ce. Shekara talatin yana taka keken ɗinki, ƙafarsa ba ta san wani abu ba sai dannawa gaba. Da ya tsorata, sai ta sauka a kan totur. Malam ya san haka tun darasin farko, shi ya sa in yana tare da telan, ƙafarsa ba ta taɓa barin saman birkinsa, ko atishawa zai yi.

Rana ta goma Malam ya ce wa telan yau za su koyi shataletale.

"Ban yi ƙarami da shi ba, Malam? Darasi na biyar fa ke nan."

"Ai da shiga ake iyawa. Yi dama a nan."

Shataletale sun fi goma a garin, amma sai ya zaɓi na gaban filin. A ransa ya gama wanke kansa tas. Shi ba bin yaro yake ba, aiki yake. Titi na kowa ne. In Allah ya sa suka haɗu, ai ba shi ya haɗa ba. Irin wannan lissafin, in mutum yana so ya yi abu, ba ya ɗaukar masa minti ɗaya.

Suka hango shi kafin shataletalen. Ga Auta can a gefen titi, bayansa a miƙe, yana taka feda cikin natsuwa. Malam ya sa telan ya rage gudu ya laɓe a bayan wata bas, shi kuma yana leƙe ta gefe. Ya ga yaron ya miƙa hannu daidai inda ya kamata, ya bar wata mota ta wuce, ya gyara layinsa. Ko kuskure ɗaya babu. Wani daɗi ya cika wa Malam ƙirji, har idonsa ya kawo ruwa. Da a nan ya ce wa telan su juya, da labarin ya ƙare lafiya.

Sai bas ɗin ta ratse gefe don sauke fasinja. Motar koyarwa ta fito fili da katon allonta, tsakaninta da keken bai fi tsawon mota uku ba. Auta kuwa, da yake an koya masa da kyau, ya kai ido kan madubi kafin ya shiga shataletalen.

Malam Birki bai yi tunani ba. Abin da ya faɗo masa kawai shi ne kada yaron ya gan shi. Ya zame daga kujera, ya dunƙule ƙasa, ya cusa kai ƙarƙashin gaban motar, gwiwoyinsa suka naɗe, ƙafarsa ta bar birki.

Telan ya waiga bai ga malaminsa ba. Ga shataletale, ga motoci ta ko'ina, ga kujera ba kowa.

"Malam! Malam, ina kake? Me zan taka?"

Ƙafarsa ta taka abin da ta saba.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan "ƙwas" ne, sai kukan ƙarfe a kan kwalta. Kafin Malam ya warware jikinsa ya lalubo birkin, motar ta riga ta hau tayar keken ta baya. Ya fito yana tuntuɓe. Auta na kwance a gefen titi, ƙafarsa ta hagu ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Telan ya ɗora hannu a ka yana salati yana ba da haƙuri. Mutane suka taru, wani yana cewa ai dama 'yan koyon nan bai kamata a bar su su hau babban titi ba.

Yaron bai yi kuka ba tukuna, zafin bai gama isa ba. Ya dubi motar, ya dubi allon, sannan ya dubi ubansa da ke durƙushe a kansa.

"Baba," ya ce, "ai ka yi alkawari."

Karaya biyu ce a ƙasan gwiwa. Aka gyara, aka naɗe ƙafar da farin simintin asibiti tun daga yatsu har cinya, aka ce mako shida kada ta taɓa ƙasa, bayan nan ma sai da sanduna. A barandar asibitin Malam ya gaya wa matarsa komai, har da zamewar da ya yi ƙasan kujera, bai rage ko ɗaya ba. Ya so ta zage shi. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Je ka sallami telan nan, tun ɗazu yake tsaye yana kuka. Ba laifinsa ba ne." Ta koma ciki wajen ɗanta.

Saura mako huɗu ranar gwaji, ga yaro a kwance. Malam ya shiga neman abin da mutum zai yi a kan gado ya yi gumi. Ya kawo robobin ruwa ya ce a riƙa ɗagawa. Ya rage wa kowa abinci a gidan, har da kansa. Ya je wurin likitar sau biyu yana roƙon ta ƙara musu wata ɗaya, ko mako biyu, kamar ita ce ke riƙe da ciwon a aljihun rigarta. Ta ce za ta duba jinin a ranar da aka sa, abin da jinin ya faɗa shi za a bi. Auta yana ɗaga robobin in mamarsa ta ce ya ɗaga. In uban ne ya shigo, sai ya juya fuska bango. Ba ya rashin kunya, yana gaishe shi safe da yamma, amma daga gaisuwar ba ƙari.

Ranar gwaji likitar ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce da alama lambar ta fara saukowa a wani lokaci, sannan ta koma sama, har ta wuce ta farko. Ta ce ba za ta ƙara jira ba. Wata nas ta shigo da ɗan akwati, ta zauna kusa da Auta, ta nuna masa yadda zai tattaro fatar cikinsa da yatsu biyu, da inda zai soka, da yadda zai ƙirga zuwa goma kafin ya zare. Malam ya miƙa hannu zai karɓa ya yi masa.

"Bar shi, Baba. Ni zan yi."

Ya yi da kansa. Malam ya tsaya yana kallon allurar tana shiga cikin ɗansa, ya ji da ma a nasa idon aka soka ta.

"Likita," in ji Auta bayan ya zare, "in na ci gaba da zuwa filin, za a iya daina wannan?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. Amma na ga waɗanda aka rage wa, na ga waɗanda aka daina wa. Duk cikinsu ba wanda ya samu haka a zaune."

Bayan mako biyu aka fasa simintin, aka ba shi sanduna biyu na dogarawa. Ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari-fari. Ya yi kwana uku yana gwada sandunan a tsakar gida. Rana ta huɗu, ƙarfe biyar saura kwata, ya fito da takalmi a ƙafa ɗaya da safa a ɗayar, da robar ruwa a rataye a wuya. Malam na wanke mota a bakin ƙofa, saboda ya riga ya soke darasin ƙarfe biyar gaba ɗaya.

"Ina zuwa haka?"

"Filin."

"Da sanduna? Auta, tafiyar rabin awa ce ga mai ƙafa biyu. Ga babban titi. Bari in kai ka ko rabin hanya ne, in sauke ka inda ba wanda zai gani."

"A'a, Baba."

"To in bi ka a ƙasa, daga nesa. Ba zan yi magana ba."

Yaron ya gyara sandunan a hammatarsa, ya dubi ubansa ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Kwana tara ina bin titin nan ni kaɗai, Baba. Mota ɗaya ce ta taɓa ni."

Ya juya ya kama hanya, sanda, ƙafa, sanda, ƙafa, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Daga ƙofar gidan ana hango inda layinsu ya haɗu da babban titi, motoci na wucewa ba ƙaƙƙautawa, kuma nan ne dole ya tsallaka. Malam ya tsaya da soso a hannu, kumfa na ɗiga a kan takalminsa, har yaron ya kusa kai wa bakin kwaltar. Sai ya jefa soson cikin bokiti, ya shiga gida da sauri, ya tura ƙofar ƙarfen ya sa sakata, ya zauna a ƙasa ya ba ta baya.

Maman Auta ta sauko daga bene, inda taga ke kallon titin. Ta zo ta zauna kusa da shi a kan simintin, ta tattara zanenta. Suna jin ƙarar motoci daga nesa. Wata ta danna oda mai tsawo, Malam ya runtse ido.

"Ya tsallaka?" ya tambaye ta, muryarsa ba ta fita sosai.

"Ban sani ba," ta ce. "Ni ma ban duba ba."